Wa zai sassaƙa manomin Magarya a gindin gawonsa?

Duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Magarya da rani, bayan an gama kai amfanin gona rumbu, ya san abin da ido ke gani. Gonaki sun yi fari, kara ya kwanta, amma gawo na tsaye kore shar, wani bayan wani har iyakar gani. Da wuya a sami gindin da babu mai rai: ko awaki na tsintar ƴaƴan da iska ta kaɗo, ko yaro da sandar kiwo, ko mace ta sauke tulu tana shan inuwa. In damina ta sauka kuwa sai al'amarin ya juye. Ƙasa ta yi kore, gawo ya zubar da ganyensa ya tsaya ƙyam kamar an zana shi da gawayi, manomi na duƙe a ƙarƙashinsa da hauya. Haka abin yake daga Bande har Sasumburum, haka kuma a ƙasar Dungas, wadda aka cire daga Magarya aka mai da ita gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011.

Amma ba wannan ne hoton da duniya ta sani ba. Hotunan kudancin Nijar da suka fi yawo iri biyu ne. Na farko su ne na shekarun fari da yunwa, wato 1973 zuwa 1974, da 1984 zuwa 1985, da kuma 2005: yaro ramamme, mushen saniya, ƙasa ta tsattsage. A cikinsu akwai mutum, babu itace. Na biyu su ne waɗanda aka ɗauko daga sama. Wani masani Ba'amurke, Gray Tappan, ya kwatanta hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1975 da na tauraron ɗan adam na bayan shekarar 2000, sai ya tarar itatuwa sun ƙaru ƙwarai a gonakin da ake zaton hamada ta cinye. A 2006 kuma binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi ya nuna gonaki kimanin hekta miliyan ɗaya a Magarya da Matamai da Mirya suna cike da itatuwan da manoma suka reno, galibinsu gawo. To, a waɗannan hotuna kowane gawo ɗigo ne baƙi, ana iya ƙirga shi, amma hannun da ya bar tsiron lokacin sassabe, ya kare shi daga gatari da bakin akuya har ya girma, ba ya fitowa. Akwai itace, babu mutum.

Hoton da zai haɗa su biyun shi ake jira. Akwai kuwa wata tsohuwar sana'a mai araha wadda ta dace da wannan aiki, kuma kusan dukan kayanta ana samunsu a kasuwannin Magarya da Dungas. Ita ce bugun katako.

Yadda ake yi

Wanda ya taɓa ganin hatimi ya riga ya fahimci rabin sana'ar. Ana samun katako shimfiɗaɗɗe a goge fuskarsa sumul, a zana hoto bisansa, sa'an nan a sa wuƙa a ƙwaƙule duk wurin da ake so ya fito fari. Abin da aka bari a tsaye shi zai sha tawada. Sai a shafa tawadar, a shimfiɗa takarda, a murza bayanta da cokali har ta kama, a ɗaga a hankali. Katako ɗaya na iya haifar da hoto goma, ko ɗari, ko fiye, duk kamanninsu ɗaya. Ba a bukatar lantarki ko inji, balle kayan gyara da za a zauna jira daga waje.

Abu biyu ke sa sana'ar wuya. Na ɗaya, wuƙa ba ta da gyara: abin da ta cire ya tafi ke nan, ba kamar allon lakwal ba da ake gogewa a sake. Na biyu, kome a juye yake fitowa. Manomin da aka sassaƙa riƙe da hauya a hannun dama, bahago zai fito bisa takarda. In kuma za a sa rubutun boko, tilas a sassaƙa shi daga dama zuwa hagu kamar ajami, kowane baƙi kuma a birkice yadda ake ganinsa cikin madubi.

Sana'ar ta tsufa. A ƙasar Sin aka fara ta, kuma littafi mafi tsufa da aka buga mai ɗauke da shekarar bugunsa na shekarar 868 ne, da katako aka buga shi. A Masar ma, tun wajen shekarar 900 har wajen 1400, an riƙa buga layu da addu'o'i cikin Larabci da irin wannan dabara, ragowarsu na ajiye a gidajen tarihi. Turai ba ta kama ba sai wajen 1400. Daga baya, da aka sami bugun tagulla da na dutse da injin ɗaukar hoto, sai manyan masu zane suka raina katako.

Samari huɗu na Dresden

Waɗanda suka fi kowa maido masa da daraja wasu samari ne Jamusawa. Ran 7 ga watan Yuni na 1905, ɗalibai huɗu masu karatun gine-gine a birnin Dresden suka kafa ƙungiya: Ernst Ludwig Kirchner, da Erich Heckel, da Karl Schmidt-Rottluff, da Fritz Bleyl. Suka sa mata suna Die Brücke, wato gada. Babu ɗayansu da ya gama makarantar zane. Wani tsohon shagon mahauci a unguwar ƴan ƙwadago suka mai da ɗakin aiki. Takardar manufarsu ta 1906 ma, Kirchner sassaƙa ta ya yi bisa katako, baƙi bayan baƙi, sa'an nan ya buga.

Abin da suka ƙi shi ne zanen makaranta mai santsi, wanda ke kwaikwayon abin da ido ya gani gashi da gashi. Su abin da zuciya ta ji suke so ya fito, ko da hannu zai yi tsawo fiye da kima, ko fuska ta zama kamar an faskara ta da gatari. Wannan salo ne aka kira ekspresiyonism, wato fito da abin da ke cikin zuci. Katako kuwa ya yi musu daidai, domin shi ba ya yarda da ƙawa mai yawa. Wuƙa ko ta tafi a miƙe ko ta karya kwana. Baƙi baƙi ne, fari fari ne. Suka bar sawun wuƙa a fili, suka bar jijiyar itacen ta fito bisa takarda, abin da magabatansu ke ɓoyewa kamar abin kunya. Da hannunsu suke sassaƙawa, da hannunsu suke bugawa, alhali kuwa a da mai zane daban yake, masassaƙi daban, mai bugu daban. Kowace shekara daga 1906 zuwa 1912 sukan haɗa ƴan hotuna su aika wa mutanen da ke biyan kuɗin tallafa wa ƙungiyar.

Babban abin da ya ɗauke musu hankali shi ne mutum cikin daji. Jamus ta lokacin tana cika da masana'antu da hayaƙi, mutanen ƙauye na kwarara birni, su kuwa samarin suna ganin ɗan adam ya rabu da ƙasa, ya shiga kwat da takalmi ya ƙuntata. Lokacin zafinsu na 1909 da 1910 da 1911, sai wasunsu su tafi tafkunan Moritzburg, arewa da Dresden kaɗan, tare da abokansu mata, ana wanka ana zane. A hotunan da suka fito daga can, jikin mutum da itace da ciyawar bakin tafki duk da sara iri ɗaya aka yi su. Gwiwar mai wanka da reshen da ke bisa kansa kwanarsu ɗaya, har mai kallo ya rasa inda mutum ya ƙare da inda daji ya fara. Nan gwanintarsu take, kuma ita ce abin koyo.

Sauran kuwa da sauran magana. Tsirara suke zana mutanen, har da ƴan mata ƙanana da ba su balaga ba, abin da Jamusawa kansu suka komo suna tuhumarsu a kai. Bugu da ƙari, mutanen cikin hotunan nan ba su noma, ba su kiwo, ba su ɗebo ruwa ko itace. Hutu suka zo, jirgin ƙasa na jira ya mai da su birni. Dajin ɗan birni ne, wanda ake kwanciya cikinsa a yi mafarki. Wanda abincinsa ke cikin daji ba haka yake tsayuwa cikinsa ba.

Ina suka samo wannan sara mai kaifi? Su ma ba su ɓoye ba. A gidan tarihin al'adu na Dresden akwai sassaƙe-sassaƙen da aka kwaso daga ƙasashen da Jamus ta mallaka, su Kamaru da tsibiran Palau. Kirchner ya zauna ya kwafi zanen da ke bisa azarorin Palau, ya kuma sassaƙa kujerun ɗakinsa bisa salon kujerun Kamaru. Fuskokin da Schmidt-Rottluff ke bugawa kuwa, wanda ya san fuskokin dodanni na itace da ake yi a Afirka zai gane danginsu nan take. Masassaƙan da suka yi kayan na asali, ba a damu da rubuta sunayensu ba. Aka yi ta yabon almajiri, malami ko a ambace shi. Sai a 2021 manyan gidajen zane na Kofanhagan da Amsterdam da Balin suka shirya nune-nune musamman domin a duba wannan bashi na zamanin mulkin mallaka.

Ƙungiyar ta watse a 1913. Yaƙin duniya na farko ya karya lafiyar Kirchner, a 1917 ya koma duwatsun Davos na ƙasar Suwis, ya zauna cikin makiyaya. Hotunan katako da ya yi a can su ne mutumin Dungas zai fi ganewa: tsofaffin manoma masu fuska kamar ɓawon itace, da shanu na hawa tudu neman ciyawa lokacin zafi, kamar yadda garkuna ke yin arewa da damina. A can mutum aiki yake cikin ƙasa, kuma ƙasar ta bar masa tabo. A 1937 gwamnatin Hitila ta buɗe wani nuni a Munik domin ta wulakanta irin wannan zane, ta kira shi gurɓatacce, kamanninsa da sassaƙar Afirka na cikin laifinsa. An kwashe ayyukan Kirchner 639 daga gidajen zane na Jamus. A watan Yuni na 1938 ya kashe kansa.

Zariya

Ba sai an je Jamus ba kafin a ga wuƙa da tawada a hannun mai zane. A 1958, a Zariya, wasu ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa tasu ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Yusuf Grillo, da Bruce Onobrakpeya. Yawancin malamansu Ingilishi ne, manhajar ma ta Ingila ce. Su kuwa shawarar da suka yanke ita ce a karɓi kayan aiki da dabara daga makaranta, amma labari da siffa a ɗauko su daga gida. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma ta canza zanen Nijeriya.

Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932 a ƙasar Urhobo, ya shiga kwalejin a 1957, shi ne kuma ya riƙe bugu ya zama sana'ar rayuwarsa. Ya yi da katako, ya yi da lino, wato wata shimfiɗar daɓe mai kauri da ta fi katako laushin yanka, daga baya ya ƙirƙiro dabarun kansa. Kunkuru da damisa da mafarauta na tatsuniyoyin garinsu suka cika hotunansa, mutum da dabba da kurmi a saƙe cikin juna. Shi ya yi zanen littafin Cyprian Ekwensi mai suna *An African Night's Entertainment* na 1962, labarin da ya faru a ƙasar Hausa, wanda duk mai karatun *Jiki Magayi* zai ga kamanninsu. Bayan farin 1984, tsakanin 1985 da 1988, ya yi jerin ayyuka da ya kira *Sahelian Masquerades*, wato dodannin Sahel, bisa mutanen bakin hamada da yadda suke jure wa ƙasa mai bushewa. A 1998 kuma ya buɗe taron koyar da masu zane a garinsu Agbarha-Otor, ya raɗa masa sunan hunturu.

Can kudancin nahiyar an yi wani wanda ɗaliban yaƙi da jahilci za su so aikinsa, John Muafangejo na Namibiya, wanda ya rayu daga 1943 zuwa 1987. Ɗan makiyaya ne, shanu da garka da mutanen ƙauye yake bugawa da lino baƙi da fari, sa'an nan ya sassaƙa bayani da rubutu cikin hoton kansa, a kalla kuma a karanta.

Hannu na nan

Bugun katako bai shiga jerin sana'o'in gado na ƙasar Hausa ba, amma in aka warware shi aka duba zarensa ɗaya ɗaya, kowane zare na da mai shi. Masassaƙin da ke fito da turmi da akushi da ƙotar hauya da gizagonsa ya san halin kowane itace. Shi ne kuma ke fafe aduwa ya goge ta har ta zama allo, wanda ya iya wannan kuwa ya iya shirya katakon bugu. Ba allon karatu ake cewa a sa wa wuƙa ba, hannun da ya yi shi ake nufi. Mai zanen ƙwarya, ko da ƙarfe mai zafi yake yi ko ƙarta yake ya shafa baƙi, ya daɗe da sanin cewa abin da aka cire da abin da aka bari su ke yin ado. Baduku na buga wa fata alama da ƙarfe. Maƙeri na iya ƙera wuƙa mai baki kamar kwalbatin ruwa in aka nuna masa sau ɗaya. Almajiri kuwa tun yana ƙarami ya iya haɗa tawada da baƙin tukunya da ƙaro, ko da yake irin wannan tawada ta ruwa saurin bushewa gare ta, musamman da hunturu, sai an ɗan jiƙa takarda. Tawadar maɗaba'a mai maiƙo ta fi sauƙi ga mai koyo. Bambancin ƙwarya da katako ɗaya ne: ƙwarya gongola ce, ba ta kwanciya bisa takarda, saboda haka zanenta guda ne, yana tafiya gidan wadda ta saya. Katako kuwa yana haihuwa.

Akwai tambayar da mai hankali ba zai tsallake ba, ta zana mai rai. Ba banza ba ne zanen ƙwarya da zayyana da adon bangon gidajen unguwar Birni ta Damagaram suka fi karkata ga dagi da layuka da kusurwoyi. Malaman Malikiyya sun bambanta gunki cikakke mai inuwa, wanda suka haramta, da zane shimfiɗaɗɗe bisa takarda ko tufa, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi, ko da yake wasu sun ga barinsa ya fi. Hoton katin ɗan ƙasa da zanen cikin littattafan yaƙi da jahilci duk irin na biyun ne. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, gawo da gero da rijiya kuma sun ishe shi aiki. Tsiraicin Moritzburg dai ba wanda zai ce a kawo shi. Ba ma bukatarsa, domin rawani da malafa da zane da goyo su ne ke ba mutumin nan siffarsa in aka hango shi daga nesa cikin gona.

In don tarihi ne, ƙasar Nijar ta riga Dresden da dubban shekaru. A Dabus, cikin Abzin, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa bisa dutse, babban ya wuce mita 5. Daga bakin kowane an ja wani layi ya sauko har ga wani ɗan ƙaramin mutum.

Sai maganar itace, wadda ma'aikatan gandun daji za su fara yi, kuma da gaskiyarsu. Abin dariya ne a sare gawo don a zana gawo. Tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, cikin ƙarni na 19, ake ba da labarin horo mai tsanani ga mai saren gawo, dokar gandun daji ta 2004 ma ba ta bar sara sakaka ba. Ga shi kuma itacen gawo bai yi ba, laushi gare shi, ƙwari na cinsa. Bugu ba ya bukatar gungume. Katako mai faɗin littafin karatu ya isa, daga reshen bedi da aka sassabe, ko guntun da ya rage a shagon kafinta. In an gama da fuska ɗaya a juya bayan.

Tun 1963 da aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci, babbar damuwar malamanta ita ce abin da ɗalibi zai karanta bayan ya gama aji. Don haka aka yi ƙananan jaridun karkara da injin roneyo, amma injin na bukatar takardarsa ta musamman da kayan gyara daga birni. Katako ba ya jiran mota. Mutumin da ya koyi baƙaƙen boko yana da shekara arba'in, hannunsa kuma ya saba da wuƙa tun yana yaro, zai iya sassaƙa sunan garinsu da layi biyu na bayani, ya buga hamsin, a liƙa a kasuwa da asibiti da ƙofar mai gari. Jami'an gundumomin biyu da ke neman hanyar isar da saƙo ga manoma, ya kamata su auna kuɗin wuƙa uku da gwangwanin tawada da kuɗin takardun da ake bugowa daga Yamai da hotunan mutanen da ba su yi kama da kowa ba a Malawa ko Dogo-Dogo.

Abin zanawa kuwa ba ya ƙarewa. Ga masu saren rake a ƙoramun Waca da Guci, kowa ya nutse cikin ganye sai kai. Ga masunta a tafkin Lasuri. Ga mata na tsintar ƴaƴan gawo da sassafe don tumakin turke. Amma hoton da ya fi cancanta a fara da shi shi ne na sassabin zamani, wato aikin da tauraron ɗan adam bai taɓa gani ba. Manomi ya durƙusa gaban kututture mai tsiro bakwai ko takwas, yana duba wanda ya fi miƙewa, zai bar biyu ko uku ya yanke sauran. Bayansa tsohon gawo, baƙi ƙirin in hoton na rani ne, ko rassa zalla in na farkon damina ne. Ƙasa a bar ta fari, da ƴan sara kaɗan a madadin kara. Gwiwar mutumin da gwiwar reshen a yi su da sara ɗaya, yadda samarin Dresden ke yi. Mai sassaƙar kuma ya tuna ya sa wuƙar manomin a hannun hagu bisa katako, domin ta fito a dama bisa takarda.